Kakin Zuma a Cikin Usur: Tunawa da Taubashina Haliru

Shekara talatin da biyar ke nan, a wannan watan, da muka kai Haliru makwancinsa. Ɗan gwaggona ne, wato taubashina, kuma ya girme ni da shekara biyu, abin da bai taɓa bari na manta ba. Na daɗe ina cewa zan rubuta wani abu a kansa ina ɗagawa, har ga shi hannu ya fara rawa, sai dai in faɗa jikata ta rubuta. Abin da ya zaburar da ni kuwa ƙarami ne. Ran nan da la'asar ina zaune a ƙofar gida a Runjin Sambo, sai ga 'yan sikawut sun wuto a jere, suna kauce wa babura da keke. Wani ɗan ƙarami a bayansu ya samu usur na roba yana ta busawa don jin daɗin bakinsa, babu wanda ya ko waiga. Na ce a raina, da Haliru na nan da ya miƙe ya bi yaron nan har gida. A zamaninmu ba a busa usur a banza.

Lokacin da nake magana, Turawa ba su yi wani daɗewa a ƙasar nan ba. Kakarmu Inna Kulu da idonta ta ga shigowarsu tana da goyo, kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda zama suka zo yi ba. Kullum cewa take baƙi ne, zafin Sakkwato zai kore su. Ita ta haifi mahaifina da mahaifiyar Haliru. Mahaifina ya rasu ina cikin zanen goyo, ni kaɗai ya bari, sai Inna ta ɗauke ni. Riƙo kuwa na gaske ta yi mini. In na yi tari sau biyu, ranar babu mai barci a gidan. Tana kirana mai gida, kamar yadda kaka ke kiran jikanta, amma in ta kalle ni na san ba ni kaɗai take gani ba, har da ɗan da ta binne.

Da aka sa mu makarantar boko, wani malaminmu mai suna Malam Sidi, dogo mai sanyin murya, ya kafa ƙungiyar sikawut da izinin Baturen makaranta. Aka ɗinka mana riga da wando na kaki. Wandon ya ta da ƙura a gidajen malamai, don gwiwa a waje take, sai da telan unguwarmu ya ƙara masa tsawon tafin hannu sannan iyaye suka yi shiru. Kowa aka ba shi ƙyallen wuya, da sandar gora da ta kai masa kafaɗa, da igiya a naɗe a ƙugu, da goran ruwa, da usur na ƙarfe mai ɗan ƙwallo a ciki. Malam Sidi ya ce babu ko ɗaya a cikinsu da yake na ado. Ƙyallen na ɗaure rauni ne, sandar ta gwada zurfin ruwa ce, igiyar ta jawo ɗan'uwanka ce. Usur kuwa shi ne muryarka ranar da muryarka ta kasa. In ka ji an busa sau uku, ko me kake yi ka yar ka nufi wajen. Wanda ya busa don wasa, ko ya ɓata na wani, ya tuɓe ƙyallen wuyansa ya ajiye. Ban da wannan, ana son ɗan sikawut ya riƙe salla, ya gai da manya, kada ya yi ƙarya, kada ya bar na baya.

Haliru aka naɗa shugaban rukuninmu, aka ɗinka masa fararen zirin ƙyalle biyu a aljihun riga. Ya cancanta, ko da yake ban taɓa gaya masa ba, don taubashi ba ya yabon taubashi a gaban idonsa. Shi ke duba kayanmu kafin kowace fita. Ya ja igiyarka ya ga ko ta ruɓe, ya girgiza goranka, ya sa usur ɗinka a baki ya ɗan hura. In ya zo kaina sai ya ce bawa ya kawo kayansa ubangidansa ya gani, ni kuma in ce ai bawan ne ke duba kayan ubangida. Haka muke tun muna rarrafe. Ya taɓa zuba mini toka a fura, na taɓa ɗinke masa ƙafar wando, kuma babu babban da ya tsawata, don kowa ya san wasan taubasai.

Amma akwai wani Halirun da ba kowa ya sani ba. Yaron nan ya kamu da son teku, shi da bai taɓa wuce bakin gulbi ba. A bangon ajinmu akwai taswira, ƙasanta duk shuɗi, sai ka ga ana darasi shi idonsa na can. In fataken goro suka sauka, yana wurinsu yana tambaya, waɗanda suka taɓa kaiwa Ikko har sun gaji da shi. Da yamma mukan hau wani gurbin tsohuwar ganuwa mu zauna, fadama shimfiɗe a gabanmu, balbelu na komawa gida, sai ya ce, "Taubashi, wai ruwa na wanda ba shi da ƙetare. Ka tsaya ka diba, ka diba, ba ka ganin kowa na shanya ga wancan gehe." Ni dariya nake yi masa. Shi kuwa da gaske yake, har mafarkinsa yake yi, ya tashi ya ba ni labari kamar wanda ya dawo daga can.

Sai ga shi wata shekara Baturen makaranta ya ce za a yi taron 'yan sikawut a Ikko bayan kaka, kuma za a ɗauki yaro ɗaya daga cikinmu. Mota za ta kai shi inda jirgin ƙasa yake, jirgi ya kai shi har bakin teku. Ba a faɗi suna ba, amma ko ƙananan cikinmu sun san na Haliru ne. Saura fita ɗaya tak, ta bin sawu a fadama, daga nan Malam Sidi ya miƙa suna. Tun daga ranar Haliru ya daina tafiya a ƙasa. Ya wanke kakinsa har ya fara koɗewa, ya roƙi gwaggo ta saƙa masa sabon maratayin gora.

A wasu lokuta in na ga jikokina sun buɗe wayar hannu suna kallon teku yana motsi a tafin hannunsu, su ture da yatsa su wuce zuwa wani abu, sai in rasa abin da Haliru zai ce. Wataƙila ya karɓi wayar ya ƙi mayarwa. Wataƙila kuma ya ce a'a, wannan ƙarami ne, ba shi ne nasa ba. Na fi zaton na biyun.

Inna Kulu ba ta da rigima da sanda ko igiya. Usur ne ba ta so. A gidanmu, kamar sauran gidajen gari, ba a yin fito da baki. Tun muna ƙanana aka gaya mana fito kiran iskoki ne, balle a bakin ruwa, inda kowa ya san nan suka fi zama. Ranar da ta fara ganinsa a wuyana ta ce, "Mai gida, mi na wanga abin da kar rataya?" Na busa mata don ta ji. Ta toshe kunne tana neman tsari, ta ce, "Hito dai hito na, ko da baki ko da ƙarhe. Ba a kiran waɗanda ba a gani." Na yi mata bayanin Malam Sidi kaf, ta saurara. Ana gobe fita, Haliru ya duba kayanmu a makaranta, ya hura usur ɗina ya yi ƙara garau. Na kawo kayan gida na rataye a ɗakin Inna, inda nake kwana.

Da hantsi muka gangara fadama. Ruwa ya fara ja da baya, shinkafa ta nuna, tsuntsaye sun yi mata caa. Duk inda ka juya yara ne a kan rumfunan tsaro suna ihu suna kaɗa gwangwani don korar su. Haliru ya yi gaba yana ajiye alamu, nan ƙullin ciyawa, can tsinke a kan dutse, mu kuma mu bi bibbiyu har wata tsamiya inda za a haɗu. Ranar abokin tafiyata zazzaɓi ya kwantar da shi, sai na zama na ƙarshe ni kaɗai. Malam Sidi ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu, usur ɗina shi ne abokina.

Na yi nisa sai na iso wani fili da ruwa ya janye ya bari, samansa ya bushe ya tsattsage kamar bayan tukunya. Na taka, ya ɗauke ni. Na ƙara takawa, sai ƙasa ta buɗe. Kafin in ankara taɓo ya kai mini cinya, ina motsi yana ƙara haɗiye ni, har ya kai ƙugu. Na tuna abin da aka koya mana, na kwantar da sandata a gicciye na ɗora hammata a kai, na daina shure-shure. Sannan na sa usur a baki na busa. Ba abin da ya fito. Na sake busawa har kunnuwana suka yi zafi, iska ma ba ta wucewa. Na koma ihu, to amma a fadamar da yara ɗari ke ihun korar tsuntsaye, wa zai bambance nawa? Wani yaro can nesa ma har amsa mini yake yi, yana tsammanin taya shi nake.

Abin da har yau nake mamaki shi ne, da muryata ta dushe sai tsoro ya tafi. Taɓon yana da sanyi, rana kuma tana kaina. Ga furen bado fari a wani ɗan ruwa kusa da ni, ga mazari na sauka a kan sandata yana tashi. Gajimare na wucewa a hankali, sai na ga kamar ni ne ke tafiya su suna tsaye. Na yi tunanin mahaifina da ban san fuskarsa ba, na ce ko zai gane ni in na je. Na yi tunanin Inna, wa zai gaya mata, da wane baki. Nan ne kawai na yi kuka. Taɓo ya kai ƙirji, sandar ta fara lanƙwasa, ni kuwa barci-barci nake ji.

Haliru ya ƙirga kawuna a gindin tsamiya ya ga babu ɗaya. Bai jira a yi shawara ba, ya ɗauki yara uku ya biyo alamunsa da baya, har ya hangi hulata a kan laka. Bai taka ba. Ya kwanta rub da ciki, ya ja jiki iyakar inda ƙasa za ta ɗauke shi, ya yi wa igiyarsa ƙullin nan da ba ya shaƙe mutum, ya jefo mini. Sai a jifa na uku na kama. Suka ja, taɓo ya ja, daga ƙarshe ya sake ni ya riƙe wandona da takalmana. Ina kwance ina haki na ji ya ce, "Bawan banza, mi yah hana ka busa?" Na miƙa masa usur ɗin. Ya hura, ya leƙa ciki, ya kai hanci ya shinshina. Sai na ga fuskarsa ta sauya.

Zazzaɓi ya rufe ni, na yi kwanaki ban san inda nake ba. Abin da ya faru a makaranta daga baya na ji. Malam Sidi ya tara yara, ya sa tsinke ya ƙwaƙulo abin da ke cikin usur ɗin, sai ga kakin zuma an narka an ɗura, ya daskare ya riƙe ƙwallon. Ya ce wannan ba tsautsayi ba ne, hannu ne ya yi shi, kuma in ba a samu mai shi a cikinmu ba, zai je gidanmu da kansa ya bi diddigi, don rai aka kusa rasawa. Haliru ya riga ya san mai hannun. Kakin da Inna ke liƙe bakin kwalaben turarenta da shi ne, ƙamshin na nan a jikinsa. Sai ya miƙe ya ce shi ne, wasan taubasai ne ya yi mini, ya manta bai cire ba. Babu wanda ya yi shakka, don kowa ya san tokar fura da ɗinkakken wando. Ya roƙi abu ɗaya, a bar maganar a makaranta. Malam Sidi ya sa aka warware fararen ƙyallayen daga aljihunsa a gaban kowa, ya karɓi ƙyallen wuyansa. Wani yaro aka tura Ikko.

Da na farfaɗo na ji labari, na ce wallahi sai na je na gaya wa Malam ba shi ba ne, don ni na ga ya hura usur ɗin ana gobe fita. Haliru ya zo duba ni, na faɗa masa haka. Ya ce in bari tukun in ji ta bakin Inna. Ba a jima ba kuwa ta shigo da kunu, ta ga mu biyu ne, ta rage murya, fuskarta cike da murna. Ta ce, "Mai gida, ni nit toshe abin ga da dare. Da na bar shi da baki buɗe ka busa, da sun jiya sun ja ka ƙasa. Allah ya sa nay yi dabara. Kak ku hwaɗa ma malaminku." Ta shafa kaina, ta shafa na Haliru, ta fita tana hamdala.

Can Haliru ya ce, "To ka jiya. In kat tahi, Malam shi zaka gidan ga. Tsohuwag ga ta binne ɗanta. Kana son a ce mata ita tak kusa binne ka da hannunta? Ba ta kai damana." Na ce to tekun fa? Ya kalli ƙofar da Inna ta fita. Ya ce teku ba ya gudu.

Inna ta ƙara shekara bakwai a duniya. Abin da ta sani shi ne dabararta ta tsare ni, Haliru kuma ya jawo ni. Da ta ji ba shi za a tura ba har daɗi ta ji, ta ce me zai yi a ruwan da ba shi da iyaka. A makaranta kuwa sunan ya bi shi, yaron da ya kusa kashe ɗan'uwansa da wasa. Bai daɗe ba ya bar boko ya bi mahaifinsa kasuwa, ya zama mai sayar da hatsi. Ni na ci gaba, na shiga aikin gwamnati. Bayan rasuwar Inna na je na sami Malam Sidi, ya tsufa, na gaya masa komai. Ya yi kuka, ya taka da ƙafarsa har rumfar Haliru ya nemi gafara. Haliru ya shimfiɗa masa buzu, ya sa aka kawo fura, ya karkatar da hira zuwa ga damina. Lokacin iyali sun taru masa, ga iyaye sun tsufa, ga rumfa ba mai tsaro. In an yi maganar zuwa teku, kullum sai ya ce baɗi, har ciwon ƙafa ya zo ya zaunar da shi.

Nakan tambayi kaina ko daidai ya yi. Ɗan sikawut ba ya ƙarya, shi kuma ya yi, a gaban malaminsa. Ban da ilimin da zan yanke wannan hukunci, na bar wa Allah, kuma ina kyautata zato. Yaran yanzu suna da rigar ruwa da akwatin magani da waya a aljihu, kuma na ji daɗin haka, don ba na son kowa ya ɗanɗani abin da na ɗanɗana. Na tabbata da Haliru zai gan su, ba kayan zai tsaya yabo ba. Zai tambaya wa ya duba su da safen nan, ba jiya ba, kuma wa ke ƙirga kawuna in an isa. Bai bar gini ba, ba a sa wa ko lungu sunansa ba. Abin da ya bari shi ne ni, da 'ya'yana da jikokina da suka cika gida har unguwar Minanata, da wata tsohuwa da ta rufe ido ba ta san abin da hannunta ya kusa yi ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Inna Kulu da Malam Sidi, ya haɗa mu a inda babu rabuwa.

Ni ne na ga tekun. Aiki ya kai ni Ikko a shekarar da ciwonsa ya yi tsanani. Na je na tsaya a bakinsa da takalmana a hannu, na duba, na duba, babu kowa a wancan gefen. Ban ji daɗi ba ko kaɗan, ji na yi kamar na ci abincin wani. Da na dawo na tarar da shi kwance a zaure, ya rame, idanun ne kawai nasa. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Ka gane shi?" Na ce na gani, ba wani abu ba ne, ruwa ne kawai mai gishiri da ƙarni, gulbinmu ma ya fi shi kyau. Ya kalle ni, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ya ce, "Taubashi, ba ka iya ƙarya ba. Bar ma masu ita. Koma daga hwarko, sannu sannu. Ka sauka mota, sai mi?"

Na gyara zama na fara. Na gaya masa ƙarar da ake ji tun kafin a gan shi, da yadda yake tasowa fari ya durƙusa a gabanka ya koma, da yashin da ke zamewa a ƙarƙashin ƙafa, da inda shuɗinsa ke haɗewa da sama har ka rasa wane ne wane. Ya rufe ido. Na daɗe ina magana, har na zaci barci ya ɗauke shi, sai na yi shiru.

Bai buɗe idon ba ya ce, "Ci gaba. Ina ganinai."